Soyayyen Dankalin Leda: Ku Juya Bayan Ledar Ku Karanta

Ran nan na leƙa gidan yayata da hantsi, na tarar tana haɗa wa ƴaƴanta kayan tafiya Islamiyya. Kowane yaro ta jefa masa leda ɗaya mai sheƙi a jaka, irin wadda aka zana jan dankali da koren ganye a gabanta. Na ce, "Yaya, wannan fa?" Ta ce, "Ai dankalin Hausa ne, ƙanena. Ba irin cifs ɗin dankalin turawan nan ba ne mai sa ƙiba. Wannan har maganin ido yake yi, a rediyo na ji." Na ɗauki ɗaya na juya bayanta. Rubutun ƙanana ne kamar ƙwan kifi, sai da na matsa bakin taga kafin na iya karantawa.

Abin da Yaya ta ji a rediyo gaskiya ne, sai dai ba a kan abin da ke cikin ledar nan aka faɗe shi ba. Dankalin Hausa, wanda wasu ke kira kudaku ko lawur, abinci ne na kirki. Ɗanyensa giram 100 bai wuce kalori 86 ba, maiƙon da ke cikinsa kuwa bai taka kara ya karya ba, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. Yana da harza mai gyara ciki, yana da sinadarin fotashiyam. Irin mai jan ciki kamar karas shi ne ke ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke jawo dundumi ga yara, ya kuma raunana garkuwar jikinsu. Saboda wannan iri ne aka ba Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low, tare da Howarth Bouis, babbar kyautar abinci ta duniya a 2016. A nan Nijeriya ma cibiyar binciken saiwoyi da ke Umudike a Jihar Abiya ta fitar wa manoma nau'o'insa, har da wanda ake kira Mother's Delight. Farin dankalin da muka fi sani a kasuwanninmu na Arewa kuwa, wannan sinadari kaɗan ne ƙwarai a cikinsa.

To me ke faruwa idan dankali ya shiga masana'anta? Ana fere shi, a yanka shi siriri kamar takarda, a zuba a tafasasshen mai. Ruwan nan da ya cika shi sai ya tsere, mai ya shige gurbinsa. Abin da ke fitowa daga kaskon, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa mai ne zalla. Shi ya sa giram 100 na cifs ke kai kalori 500 ko sama da haka, wato ninki shida na ɗanyen dankali. A wannan fanni, tsakaninsa da cifs ɗin dankalin turawa da Yaya ke gudu, bambancin bai kai a yi magana ba. Duk kanwar ja ce.

Akwai wata dabara da masu kamfani ke yi wadda ba ƙarya ba ce, amma tana ruɗar mai saye. A jadawalin bayan leda za ka ga an rubuta kalori 150, mai giram 9 ko 10, sai ranka ya kwanta. Ɗaga ido sama kaɗan, za ka ga lissafin na abin da suka kira ci ɗaya ne, giram 28 ko 30, wanda bai fi cikin tafin hannu ba. Idan ledar mai giram 150 ce, ci biyar ke nan a lissafinsu. Wa ka taɓa gani ya buɗe leda ya ci ɗan tafin hannu, ya ɗaure sauran sai gobe? Wanda ya zauna gaban talabijin ya gama da ita ya zuba wa cikinsa kalori 750 da mai fiye da cokali uku na cin abinci. Babban mutum abin da yake bukata a yini bai wuce kalori 2,000 zuwa 2,500 ba. Da dafaffen dankali ne, sai ka cinye kusan kilo guda kafin ka kai kalori 750 ɗin nan, kuma tun kafin ka yi rabi cikinka zai ce ya isa. Cifs kuwa ba ya ƙosarwa, hannu na kai wa baki har sai ya taɓo gindin leda.

Sai jerin kayan haɗi. Ƙa'ida ita ce a jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, saboda haka abin da ya zo farko shi ya fi yawa a ciki. Mai sauƙin haɗi abu uku ne kawai: dankali, mai, gishiri. Amma ka lura, akwai waɗanda ba yankakken dankali ba ne sam. Garin masara ne ko na shinkafa ko sitacin rogo aka kwaɓa, aka barbaɗa ɗan garin dankali, aka buga shi da inji ya fito da siffa iri ɗaya. Idan dankali ya zo na uku ko na huɗu a jerin, to sunansa kawai aka ara. Masu ɗanɗanon yaji ko nama ko albasa su ne jerinsu ke tsawo: sukari a kan zaƙin da dankalin yake da shi tun asali, da sinadarin ƙara ɗanɗano irin na farin magi mai lamba E621, wani lokaci da kala irin su E102 da E110. Jan da ka gani ba lallai ne ya zama na bitamin ba.

Gishiri kuma da sunan sodiyam ake rubuta shi, kuma nan ma mutane ke ruɗewa. Ka ninka adadin sodiyam sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Miligiram 400 na sodiyam daidai yake da giram 1 na gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, yara kuma ƙasa da haka. Mu da miyarmu ba ta sauka sai da dunƙule uku ko huɗu, ga yaji, ga kilishi, mun riga mun cika mudunmu tun daga tukunya. Mai hawan jini sai ya yi wa kansa lissafi.

Akwai abu ɗaya da ba za ka taɓa gani a rubuce a leda ba, domin ba zuba shi ake yi ba, wuta ce ke haifar da shi. Sunansa akirilamaid. A 2002 masu bincike a Suwidin suka gano cewa yana samuwa a abinci mai sitaci idan an soya ko an gasa shi da zafin da ya haura digiri 120. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Sukarin da ke cikin abinci na daga cikin abin da ke haɗa shi, dankalin Hausa kuwa ya fi na turawa sukari. Alamarsa a fili take: gwargwadon yadda suya ta yi duhu, gwargwadon yawansa. Ba cewa ake leda ɗaya za ta kwantar da mutum ba. Magana ce ta abin da ake ci yau da gobe, shekara da shekaru, musamman ga yaro mai ƙaramin jiki.

Duk wannan a kan mai rubutu a jiki ke nan. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na farar leda da ake miƙo wa matafiya ta tagar mota a tasha, ba suna, ba adireshi, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa. Dokar NAFDAC ta 2022 ta taƙaita wani mugun maiƙo mai toshe jijiyoyin zuciya zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai, amma wa zai auna man da aka soya da shi sau goma har ya yi baƙi? Ga shi ledar ta wuni a rana, rana kuma tana lalata mai, tana kashe ɗan bitamin ɗin da ya tsira daga kasko. Idan ka buɗe ka ji wari kamar na tsohuwar gyaɗa, ko ɗaci a maƙogwaro, zubar da shi. Iskar da ke kumbura ledar kamfani kuwa, da mutane ke cewa cuta ce, galibi naitirojin ce da ake hurawa don hana mai lalacewa da hana cifs farfashewa. Nauyin da aka rubuta shi ne abin dubawa.

Ban ce wa Yaya ta hana yara ba, don na san ba za su hanu ba. Cewa na yi ta ɗauke shi a matsayin kayan kwalama, ajinsu ɗaya da alewa da biskit, leda ɗaya a raba wa yara uku, kuma ba kullum ba. Idan bitamin take nema musu, ta nemi jan dankalin a kasuwa ta dafa da ɓawonsa, ta ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa, domin wannan bitamin sai da maiƙo jiki ke iya tsotse shi. In kuma suya suke so, ta yanka da kauri, ta jiƙa a ruwa na ɗan lokaci, ta tsane, ta kwashe daga kasko tun yana ruwan zinariya.

Da na koma bayan sati biyu, na tarar da kwanon dafaffen dankali da garin ƙuli-ƙuli a tsakar gida, yara sun kewaye shi. Ƙaramar cikinsu ta ɗago kai, bakinta duk manja, ta ce, "Kawu, kai ne ka sa aka daina saya mana na leda ko?"