Haɗa kwamfuta da hannunka a Zongon Kwatano: abin da za ka duba kafin ka biya

Duk wanda yake ɗaukar bidiyon biki, suna ko saukar karatu a unguwar Zongo ta birnin Kwatano ya san inda aiki yake cijewa. Kyamara ta gama nata, amma idan aka zo tacewa sai tsohuwar laftof ta yi ta sarƙewa, mai biki kuma yana ta bugo waya. Shi ya sa matasa ke sha'awar haɗa kwamfutar tebur da kansu, wadda za ta yi aikin bidiyo da rana, da dare kuma a buga EA Sports FC ko eFootball.

Haɗawar kanta ba ta da wuya, sukudireba ɗaya da haƙuri sun isa. Inda kuɗi suke salwanta shi ne wurin saye. Mai saye a Faransa, idan kaya ba su dace ba, yana da kwana 14 a doka ya mayar da abin da ya saya ta intanet. Wanda ya tsallaka iyakar Seme ya sayo daga Computer Village da ke Ikeja a Legas, ko ɗan'uwa ya aiko masa daga Turai, ko ya saya a hannun masu kayan gwanjo, ba shi da wannan gata. Idan ya kuskure, sai dai ya sayar da hasara. Saboda haka dole a tabbatar kowane kaya zai zauna da ɗan'uwansa tun kuɗi suna aljihu.

Fara da aikin da za ka yi

Kafin ka shiga shago, ka san irin bidiyon da kake tacewa da manhajar da kake amfani da ita. Kamfanin Adobe yana ba da shawarar RAM mai gigabait 16 ga mai tace bidiyon HD a Premiere Pro, da gigabait 32 ga mai aikin 4K. DaVinci Resolve, wadda ke da samfurin kyauta, ta fi jingina da katin hoto. Wasanni ma katin hoto suka fi ci. Wanda aikinsa bai wuce bidiyon da za a tura ta WhatsApp da Facebook ba, ba ya bukatar abin da mai ɗaukar fim yake bukata, kuma gara ya rage kuɗin ya sayi abin kare wuta.

A shagunan Kwatano da Faransanci ake kiran kayan, don haka yana da kyau ka riƙe sunayen: processeur shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, carte mère shi ne babban allon da komai yake hawa kansa, barrette ita ce sandar RAM, carte graphique katin hoto, alimentation akwatin wuta, boîtier kuma gidan da ake zuba su duka.

Furosesa da babban allo: a nan ake fara kuskure

Kowane furosesa yana da mazauni nasa a kan babban allo, kuma ba ya shiga na wani. Mazauni huɗu ne za ka fi cin karo da su a kasuwa yanzu.

Na kamfanin AMD akwai AM4, wanda ke ɗaukar Ryzen tun daga na 2017 har zuwa jerin 5000, kuma RAM nau'in DDR4 kaɗai yake karɓa. Sai AM5 da ya fito a watan Satumban 2022, mai ɗaukar Ryzen 7000 zuwa sama, shi kuma DDR5 kaɗai.

Na Intel akwai LGA1700 da ya fito a 2021, na Core ƙarni na 12 da 13 da 14. Sai LGA1851 na watan Oktoban 2024, na Core Ultra jerin 200, mai aiki da DDR5 kaɗai. LGA1700 ne ya fi rikita mutane, domin wasu allunansa na DDR4 ne, wasu na DDR5, kuma suna iya zama da suna kusan ɗaya. Sau da yawa za ka ga an ƙara D4 ko DDR4 a ƙarshen sunan allon. Karanta kwalin da idonka.

Ko da mazauni ya dace, akwai sauran tarko guda. Allon AM4 da aka ƙera kafin fitowar Ryzen 5000, kamar yawancin B450 da B550 na farko, ba zai tashi da sabon furosesa ba sai an sabunta manhajar cikinsa da ake kira BIOS. Wasu alluna suna da maɓallin da ke ba ka damar sabuntawa da filasha ba tare da furosesa ba. Wanda ba shi da maɓallin, sai an ari tsohon furosesa. Mafi sauƙi shi ne ka ce wa mai shago ya ɗora furosesan a kan allon ya kunna a gabanka. Kowane kamfanin allo kuma yana wallafa jerin furosesan da allonsa ke ɗauka a shafinsa, ana iya dubawa da waya a tsaye a shagon.

Ka lura da harafin da ke ƙarshen suna. Intel mai harafin F, kamar Core i5-12400F, ba ya fitar da hoto sai da katin hoto daban. Haka Ryzen 5 5600, amma 5600G yana fitarwa. Wannan na da amfani ta hanya biyu. Idan kuɗi ba su kai ba, kana iya fara aiki da furosesa mai fitar da hoto, ka sayi kati daga baya. Sannan Intel marar F yana da wani sashe da ake kira Quick Sync, wanda ke sauƙaƙa buɗe bidiyon H.264 da H.265, irin wanda wayoyi da yawancin kyamarori ke ɗauka.

Mai sayen furosesa na hannu ya sani cewa a 2024 Intel ya amince da matsalar da ke lalata wasu manyan samfuransa na ƙarni na 13 da 14, ya fitar da gyara ta BIOS, ya kuma ƙara shekara 2 a kan garanti. Gyaran yana hana lalacewa, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu. Idan ba ka san tarihin kayan ba, ƙarni na 12 ya fi kwanciyar hankali.

RAM da ma'ajiya

DDR4 da DDR5 na tebur tsawonsu ɗaya, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, kuma turawa da ƙarfi karya rami yake yi. RAM ɗin laftof gajere ne, ba ya shiga allon tebur. Sanduna biyu masu gigabait 16 sun fi sanda ɗaya mai 32 sauri, domin allon yana aiki da su a lokaci guda. Ka saye su tare, iri ɗaya, kuma a allo mai rami huɗu yawanci rami na biyu da na huɗu daga furosesa ake fara cikawa.

Ma'ajiya kuwa, ka yi lissafi. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa ɗaya. Bikin kwana uku da kyamara biyu zai iya cika ƙaramar SSD tun ba a fara tacewa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne SSD nau'in NVMe mai terabait 1 don Windows da manhajoji da aikin da ke hannu, sai babban faifai na daban don ajiye tsofaffin ayyuka. Bidiyon auren mutane ba a sake ɗaukarsa, don haka a riƙa ajiye kwafi biyu har sai an miƙa aiki.

Katin hoto, da hatsarin na gwanjo

A arewacin Najeriya, idan aka ce mota 'yar Kwatano ce, kowa ya san ta hannu ce da ta shigo ta tashar jiragen ruwan birnin. Kayan kwamfuta ma haka suke shigowa, masu kyau da marasa kyau a haɗe. Bayan da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a watan Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Akwai kuma tsofaffin katunan da ake sauya wa suna su bayyana kamar sababbi.

Kada ka sayi kati ba a gwada ba. Manhajar GPU-Z tana nuna ainihin abin da ke cikinsa, FurMark kuma tana ɗora masa nauyi. Ka bar shi ya yi minti 15 zuwa 20, kana kallon zafinsa da fankokinsa da ko hoton yana tsagewa. CrystalDiskInfo tana nuna awannin da ma'ajiya ta yi tana aiki. Duka kyauta ne, ka zuba su a filasha ka tafi da su. Mai kayan da ya ƙi gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Ga mai tace bidiyo, yawan ma'adanar katin yana da muhimmanci. RTX 3060 mai gigabait 12 yana cin wat 170, RTX 4060 mai gigabait 8 yana cin 115. Na farko ya fi sarari ga aikin 4K, na biyu ya fi sauƙin wuta da zafi. Sannan ka auna tsawon katin da sararin gidan, domin wasu katuna masu fanka uku sun haura santimita 30.

Wata dabara da ake yawan yi ita ce sayen tsohuwar kwamfutar ofis ta HP ko Dell ko Lenovo a ƙara mata kati. Yawancinsu akwatin wutarsu ƙarami ne, ba shi da wayar da katin ke bukata, kuma mahaɗarsa ta kamfanin ce kaɗai, ba a iya sauya shi da na kasuwa cikin sauƙi. Da yawa kuma sun tsufa ga Windows 11, wadda ke bukatar sashen tsaro na TPM 2.0, alhali Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025.

Wuta ma tana cikin kayan haɗi

Akwatin wuta shi ne abin da mutane suka fi yi wa rowa, kuma shi ne idan ya ƙone yake iya tafiya da allo da kati. Araha ba ta ado. Akwatin da ba shi da suna, marar nauyi a hannu, an rubuta masa wat 700, ka bar shi a shagon. Ga haɗi matsakaici, mai wat 550 zuwa 650 daga sanannen kamfani, mai shaidar 80 Plus, ya wadatar. Ka ƙirga wayoyinsa: mai ƙafa 24 na allo, mai 8 na furosesa, da mai 8 na katin hoto. Na furosesa da na kati sun yi kama amma ba ɗaya ba ne.

Wutar kamfanin SBEE bolt 220 ce. Tsofaffin akwatunan da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230, kuma idan aka jona yana kan 115, nan take yake ƙonewa. Kayan Legas suna zuwa da fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila, soket ɗin Benin kuma irin na Faransa ne. Maimakon ƙaramin adafta mai girgiɗi, ka sayi waya mai kauri da ta dace da soket ɗinka, ka kuma sa mai gyaran wuta ya duba ko ɗakin yana da wayar ƙasa.

Sai na'urar riƙe wuta da ake kira onduleur. Lambar VA da ke jikinta ba wat ba ce: mai VA 650 yawanci ba ta wuce wat 360 zuwa 390. Kwamfuta mai Ryzen 5 5600 da RTX 3060 tana iya kaiwa wat 300 idan aiki ya yi zafi, ga kuma allon kallo. Mai VA 1,000 zuwa 1,500 ita ce za ta ba ka mintunan da za ka adana aiki ka kashe lafiya.

Zafi, laima da ƙura

Zongo ba shi da nisa da teku, iskar tana da laima da gishiri, sannan hunturu yana kawo ƙura a Disamba da Janairu. Ka zaɓi gida mai raga a gaba, da fanka biyu masu shigar da iska da ɗaya mai fitarwa, da matatar ƙura da ake iya cirewa a wanke. Gida mai gilashi ta ko'ina yana da kyan gani amma yana riƙe zafi. Kada a ajiye ta a ƙasa, musamman a ɗakin da ruwa ke shiga da damina. Ka tabbatar gidan ya ɗauki girman allonka: ATX santimita 30.5 ne da 24.4, micro-ATX kuma 24.4 ta kowane gefe.

Ko allon rubutu ma a duba. Na Kwatano AZERTY ne, na Legas QWERTY. Wanda ke rubuta Faransanci zai fi jin daɗin na farko, sai dai a wasanni maɓallan tafiya na WASD suna komawa ZQSD.

Lissafin kuɗi da tsarin saye

Sefa tana daure da yuro a kan 655.957, don haka farashin Turai yana da sauƙin juyawa, amma sai ka ƙara kuɗin ɗauko da na kwastan da harajin TVA na kashi 18 cikin 100. Naira kuwa tana hawa tana sauka, kuma abin da ya yi kama da araha a Ikeja zai iya komawa daidai da na Kwatano idan aka haɗa canji da kuɗin mota da ɗawainiyar iyaka. Ga 'yan'uwa na Gaya da Dosso da Maraɗi, rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya ƙara wahalar mayar da kaya, don haka gwaji kafin a ɗaure kaya ya zama tilas.

Idan kaɗan-kaɗan za ka saya, fara da gida da akwatin wuta da onduleur, waɗanda ba sa saurin tsufa. Furosesa da allo da RAM kuwa a saye su rana ɗaya, a wuri ɗaya, a kunna su tare kafin a biya. Ka nemi rasiɗi mai ɗauke da cikakken sunan kowane kaya da lambarsa da kwanakin garanti, ka ɗauki hoton ƙafafuwan furosesa ko na mazauninsa a gaban mai shagon, domin lanƙwasasshiyar ƙafa ita ce abin da aka fi yin musu a kai idan aka dawo da kaya.