Yadda Ake Gwanjon Gidaje a Ƙasar Amurka

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. A dogon hutun shekarar 2024 Allah ya nufe ni da zuwa Amurka wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ke zaune a Kolambus, babban birnin jihar Ohayo. Da na komo makaranta abokai suka yi ta tambayata labarin dogayen benaye da jiragen sama. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata safiya da na zauna kusa da Kawu yana tayin gida a gwanjo, da kuɗin da ya yi shekara 14 yana tarawa. Shi ne na ga ya kamata in bayyana muku yadda abin yake, gwargwadon abin da na gani da wanda Kawu ya koya mini.

Da fari dai, me ke kai gidan mutum gwanjo? A Amurka yawancin mutane ba su sayen gida da kuɗi hannu. Banki ne ke ba mutum rance, gidan kuwa ya zama jingina, yana biya wata wata tare da kuɗin ruwa, sau da yawa har tsawon shekara 30. Muddin yana biya, ba mai ce masa uffan. Amma fa in aiki ya kuɓuce masa, ko ciwo ya kwantar da shi, biya ya tsaya, to, magana ta canja. Dokar tarayya ta hana banki fara neman ƙwace gida sai bashin ya wuce kwana 120 ba a biya ba. A jihar Ohayo kuma banki ba shi da ikon sayar da gidan da kansa, tilas ya kai ƙara kotu. Za a aika wa mai gida sammaci, a ba shi kwana 28 ya ba da amsa. In alƙali ya tabbatar da bashin, sai ya ba da umurni a sayar da gidan a biya masu bi. Kawu ya ce da aka yi rikicin tattalin arziki na 2008, miliyoyin iyalai a Amurka ta irin wannan hanya suka rasa muhallinsu.

Wanda kotu ke ɗora wa nauyin sayarwar shi ake kira sherif. Kada mai karatu ya zaci irin Sharifan da muka sani ne, sunan ne kawai ya yi kama. Jihar Ohayo ta kasu gunduma 88, kowace gunduma da sherif nata, wanda jama'a ke zaɓa duk bayan shekara 4. Shi ke kula da kurkukun gunduma, da tsaron kotuna, da zartar da hukuncin alƙalai. Birnin Kolambus yana cikin gundumar Firankilin, saboda haka gwanjon da muka shiga na sherif ɗin wannan gunduma ne.

Kafin ranar gwanjo akwai ƙa'idodin da doka ta shimfiɗa. Ana naɗa mutum 3 masu mallakar ƙasa a gundumar, waɗanda ba su da alaƙa da shari'ar, su yi wa gidan ƙima. A gwanjon farko ba a sallama shi ƙasa da kashi biyu cikin uku na wannan ƙima. Watau in sun ce gida ya kai dala 120,000, to, daga dala 80,000 za a fara tayi. Sa'an nan a buga sanarwa a jarida mako 3 a jere, domin kowa ya ji. Har wa yau, dokar da jihar ta yi a 2016 ta yanka kafin alƙalamin da mai tayi zai ajiye in gidan zama ne: dala 2,000 in ƙimar ba ta wuce 10,000 ba, dala 5,000 in ba ta wuce 200,000 ba, dala 10,000 in ta haura haka. In ba a sami mai tayi ba, sai a sake gwanjo na biyu, wanda babu sharaɗin kashi biyu cikin uku a cikinsa. A da mutane kan taru ne a ɗaki, mai shela yana kiran lambar shari'a ana ɗaga hannu. Dokar nan ta 2016 ce ta buɗe hanyar yin gwanjon ta intanet, shi ya sa mu a falon Kawu muka yi namu, gaban kwamfuta.

Wata rana na tambaye shi, na ce, “Kawu, me ya sa ba za ka je banki kamar kowa ba?” Ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, ni ba na son bashi mai ruwa, kuma kuɗin da ke hannuna ba su isa sayen gida a kasuwa ba. Gwanjo ne kaɗai ƙofar da ta rage mini. Amma ka sani, sayen gida a gwanjo cinikin biri a sama ne.” Daga nan ya shiga lissafa mini haɗarin da ke ciki.

Na farko, ba a barin mai tayi ya shiga gidan ya duba. Sherif ba ya riƙe da makulli, kuma har ran da aka kammala ciniki gidan na mai shi ne. Iyakarka ka tsaya a bakin titi ka dubi rufi da bango. Yadda ka same shi haka za ka karɓa, ba mai mayar maka da ko sisin kwabo don ka tarar da ɓarna.

Na biyu, gida ɗaya kan ɗauki bashi iri iri: na banki, na haraji, na magini da ba a biya ba. In an sayar, ana fara cire kuɗin kotu da harajin gida, kana a biya masu bi bisa ga wanda ya riga wani, abin da ya saura a ba tsohon mai gida. To, in akwai wani bashi da ya riga na mai ƙara, kuma ba a shigar da shi cikin shari'ar ba, yana nan manne da gidan, ya zama kayan mai saye. In kuma hukumar haraji ta tarayya tana bin mai gidan, tana da kwana 120 bayan gwanjo da za ta iya mayar wa mai saye kuɗinsa ta karɓe gidan. Saboda haka Kawu ya biya lauya ya binciko tarihin kowane gida a ofishin rajistar filaye na gunduma. Ya ce kuɗin lauya rigakafi ne, kuma rigakafi ya fi magani.

Na uku, cin gwanjo bai sa gida ya zama naka ba tukuna. Sai alƙali ya duba takardu ya tabbatar da ciniki. Kafin ya sa hannu, mai gida na da ikon fansar gidansa in ya kawo dukan bashin da kuɗin shari'a. In ya yi haka, sai a mayar maka da kafin alƙalaminka, wahalarka ta tashi a banza.

Na huɗu, in alƙali ya tabbatar, kwana 30 gare ka ka cika sauran kuɗin. Wanda ya kasa, kotu na iya ƙwace kafin alƙalaminsa, har ma ta tuhume shi da raina ta. Akwai wani abokin Kawu da muka haɗu da shi a masallaci, wanda ya ci gwanjo yana dogara ga alkawarin rance da wani ya yi masa. Mai alkawari ya janye, dala 5,000 suka tafi ke nan.

Na biyar, mai yiwuwa ne da mutane a cikin gidan. Ba ka da ikon zuwa ka watsar musu da kaya. Sai ka koma kotu ka nemi takardar umurni, ma'aikatan sherif su fitar da su. In 'yan haya ne na gaskiya, wata dokar tarayya ta 2009 ta ce a ba su sanarwar aƙalla kwana 90.

Gida uku Kawu ya zaɓa daga jerin, muka fita ran Asabar mu gan su. Na farkon rufinsa ya lotsa, Kawu bai ko kashe mota ba. Na biyu kuwa ya fi duka kyau. Ciyawar ƙofar gida a gyare take, ga kekunan yara guda biyu a jingine, ga wata tsohuwa zaune a baranda tana kallonmu. Kawu ya yi shiru, can ya ja mota. Na ce, “Kawu, ai wannan ya fi.” Ya ce, “Lalle ya fi. In ban saya ba wani zai saya, na sani. Amma ba ni zan kai takardar da za a fitar da tsohuwar nan ba.” Na uku ƙaramin gida ne mai ɗaki uku, ciyawa ta kai gwiwa, akwatin wasiƙa ya cika ya tumbatsa. Wani maƙwabci ya gaya mana masu shi sun tashi tun bara. Shi aka yi wa ƙimar dala 120,000, kuma shi Kawu ya tsayar.

Kwanaki kafin gwanjo ya yi rajista, ya aika kafin alƙalami dala 5,000. Daren ranar ya ɗauki takarda ya rubuta 100,000 da manyan lambobi, ya miƙa wa matarsa ya ce, “Riƙe wannan. In kin ga zan wuce nan, ki rufe kwamfutar.” Ya bayyana mini cewa abin da ke kashe masu tayi shi ne zafin zuciya. Mutum ya ga wani ya ɗara shi sai ya ƙara, ba don gidan ya kai ba, sai don kada a kayar da shi. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Da safe muka zauna mu uku. Gidan tsohuwar nan ne ya kamata ya fara zuwa, sai muka ga an rubuta an janye shi daga gwanjo. Kawu ya ce hakan kan faru in mai gida ya sasanta da banki, ya yi hamdala kamar gidansa ne ya tsira. Da aka zo kan namu, tayi ya fara daga 80,000. Bankin da ya kai ƙara shi ma yana da ikon tayi, kuma ba a neman kafin alƙalami daga gare shi, tun da shi ke bin bashi. Ba ka ganin fuskar abokin takararka, lambobi kawai ke hawa. Aka kai 88,000, aka kai 93,000. Na dubi hannun Kawu na ga yana rawa, Anti kuma ta ɗaga takardar nan saitin idonsa ba ta ce kome ba. Kawu ya taya 96,500. Muka zuba wa agogon ido har lokaci ya cika, ba wanda ya ƙara. Na yi tsalle ina murna, Kawu ya ce, “Zauna, ɗana. Ba a ci ba tukuna, saura alƙali.”

Hutu ya ƙare na komo gida ba a tabbatar da ciniki ba. Sai bayan makonni Kawu ya bugo wa mahaifiyata waya ya ce alƙali ya sa hannu, ya cika kuɗi, an ba shi takardar mallaka. Da ya kira mai gyaran makulli aka buɗe ƙofa, ya tarar ɓarayi sun yanke bututun ruwa na jan ƙarfe sun tafi da su, injin ɗumama gida ya mutu, ruwa ya kwanta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Gyara ya ci dala 14,000. Ashe shi ya sa ya tsaya a 100,000, ya ɓoye sauran ajiyarsa domin irin wannan rana. Da ya zuba duka a wurin tayi, da ya sami gida ya rasa abin gyara shi, ga sanyin Ohayo na tafe. A farkon 2025 suka tare.

To, jama'a, ga abin da na ƙaru da shi. Mai son shiga irin wannan ciniki ya binciki bashin da ke kan gida kafin ya taya, kuɗinsa su kasance a hannu, ya yanka wa kansa iyaka tun kafin zuciya ta ɗau zafi, ya kuma ware na gyara. Ga iyayenmu kuwa ina roƙo cikin ladabi. A nan gida ma kotu na da ikon sa ma'aikatanta su yi gwanjon kadarar wanda bashi ya ci. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kafin a miƙa takardar gida jingina, ko a tsaya wa wani da ita, a samu mai ilmi ya karanta sharuɗɗan dalla dalla. In kuwa sammaci ya zo, kada a jefa shi ƙarƙashin katifa, gama shirun mai gida ba ya tsayar da shari'a. Har yau in na tuna tsohuwar nan da kekunan jikokinta, sai in roƙi Allah ya sa sasantawar tasu ta ɗore.

Allah ya rufa mana asiri, ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, amin.

Daga wani ɗalibi na Aji Biyar