Labarin Hajiya Saratu Daso da Hukuncin Sana'ar Ban Dariya

  

Ran Talata 9 ga Afrilu 2024, wadda ta yi daidai da 30 ga Ramadan 1445, ana jajiberin ƙaramar salla, kasuwa ta cika ta batse, sai labari ya iso daga birnin Kano cewa Allah ya yi wa Hajiya Saratu Gidado rasuwa, ita ce wadda duniya ta sani da suna Daso. Ta yi sahur, ta koma ta kwanta, daga nan ba ta farka ba. A rumfar da nake zaune a nan Gaya, mai rumfar ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙanta. Sai wani dattijo da ya zo sayen yadi ya ce, "Wace ce? Muguwar matar nan mai cutar marayu?" Wani gardi kuma ya ce shi bai ga abin dogon juyayi ba, tun da yake sana'arta ƙarya ce ake shiryawa don a yi dariya. Aka yi ta musu har aka kira la'asar. Maganar mutanen nan biyu ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin kowannensu ya taɓo abin da ya kamata a warware.

An haifi Saratu ran 17 ga Janairu 1968, watau cikin watan Shawwal 1387. Ta rasu tana da shekara 56 a lissafin Bature, a lissafin Hijira kuwa 58 ba 'yan kwanaki. Ba ta shiga wasan kwaikwayo da ƙuruciya ba, sai da ta haye shekara 30. A lokacin sana'ar fim ɗin Hausa na bidiyo tana da shekara goma da kafuwa, domin a 1990 ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi na farko. Ita kuwa ta fara fitowa a shekara ta 2000 cikin fim ɗin Linzami da Wuta na kamfanin Sarauniya. Daga nan ta fito a Nagari, da Gidauniya, da Mashi, da Sansani, da waɗansu masu yawa, ba ta ajiye sana'ar ba har ƙarshen rayuwarta, shekara 24 ke nan.

Abin da ya bambanta ta da sauran mata shi ne rabon da ta ɗauka. 'Yammatan fim kowace tana son a nuna ta kyakkyawa mai haƙuri, wadda ake zalunta tana kuka. Daso kuwa ta ɗauki abin da kowa ke gudu. Yau ita ce muguwar kishiya, gobe uwar miji mai raba aure, jibi matar uba mai hana maraya tuwo, ko mai kai sunan mutane wurin boka. Ta iya harara, ta iya murguɗa baki, ta iya tafa hannu tana shewa, ta iya yi wa maigida ladabin kura sa'an nan ta juya ta zare wa yaro ido. Mai kallo zai yi dariya har ya riƙe ciki, kuma a lokaci guda yana tsine wa halin da ya gani. Na sha ganin mata a gidajenmu suna yi wa akwatin talabijin Allah ya isa saboda ita. Wannan shi ne abin da ya ruɗi dattijon nan. Gwaninta ce ta kai har ya kasa raba matar da rigar da ta ara.

Ga abin da zai taimake shi ya raba su. A zamanin sarautarsa ta farko, wadda ta fara a 2014, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya ba ta aikin jakadiya. Duk wanda ya san fada ya san jakadiya ita ce mai kai saƙo tsakanin sarki da cikin gida, tana shiga inda maza ba sa shiga, tana jin abin da ba a faɗa a waje. Ba a ba mai tsegumi wannan aiki, sai wadda aka amince da harshenta. Har wa yau, al'adar da aka saba a Kano ita ce 'yar fim in ta yi aure sai ta bar fitowa, amma ita ta riƙe aurenta ta riƙe sana'arta.

To, kada wani ya zaci ban dariya da kwaikwayo baƙi ne da suka zo mana tare da majigin Turawa. Kakanninmu sun san wawan sarki, wanda ke faɗa wa sarki abin da waziri ke tsoron faɗa. Sun san wasan gauta, inda matan fada ke shigar sarki da hakimansa, suna kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu da aibinsu, wanda aka kwaikwaya ya gani ya gyara. Sun san 'yan kama, waɗanda ke ɗaukar muryar mai wa'azi ko ta mawaƙi su mayar da zancen duka na tuwo da miya, malamai na ji suna murmushi. Kowace shekara kuma, in azumi ya kwana goma, yaranmu na Gaya da Ajingi suna fita tashe, 'yammata na wasan Mairama da Daudu suna koya wa juna zaman aure, samari na Jatau mai magani suna tona asirin masu tallar maganin ƙarya. Da boko ya zo, Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni yana sukar zalunci, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sa'an nan talabijin ya kawo su Samanja da Ƙasimu Yero. Daso reshe ce ta wannan itaciya. Hasali ma aikinta ya fi kama da na matan gauta, sai dai su sarki suke nuna wa kansa, ita kuwa talakawa take nuna wa cikin gidajensu.

Saura maganar gardi, kuma ita ce mai nauyi, bai kamata a yi mata riƙon wasa ba. Lalle Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisi mai tsoratarwa ga wanda ke yin ƙarya don ya ba mutane dariya. Lalle kuma Suratul Hujurati ta hana waɗansu su yi wa waɗansu izgili, maza da mata, ta hana jifa da miyagun laƙabobi. Saboda irin waɗannan dalilai akwai malaman da suka ƙi wasan kwaikwayo ɗungum. Waɗansu malamai kuwa suka ce ƙarya ita ce ka ba da labarin abin da bai auku ba don a gaskata ka, amma abin da mai yi da mai kallo duka suka san misali ne, hukuncinsa na buga misali ne, ana duba abin da ke cikinsa. Suka ce raha ita kanta ba laifi ba ce, domin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi raha, sai dai ba ya faɗin kome sai gaskiya. Wani mutum ya roƙe shi abin hawa, ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya yi mamakin abin da zai yi da ɗan taguwa, sai ya tuna masa cewa kowane raƙumi taguwa ce ta haife shi.

Ni ba mai fatawa ba ne, amma zan tuna wa malamai wani littafi da ke cikin gafakarsu. Wane ne ya yi nisa a karatun lugga a zaurukanmu bai karanta Maƙamatul Hariri ba? Maƙama 50 ce, kuma gwarzonta Abu Zaidi mutumin Saruja, mayaudari ne mai sauya kama, yau ya zama mai wa'azi ya sa jama'a kuka ya karɓe kuɗinsu, gobe ya zama makaho, jibi ya kai ƙarar ƙarya gaban alƙali. Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a 516 ta Hijira, shi ya shirya labaran nan, kuma a gabatarwar littafin ya kare kansa da cewa ya yi su ne don faɗakarwa, kamar labaran da ake sa wa a bakin dabbobi, aiki kuma yana ga niyya. Shekara wajen 900 ke nan malamai na karantar da shi, ba su kira shi maƙaryaci ba, ba su kuma ce halin Abu Zaidi halinsa ne ba. In an yi wa Hariri wannan adalci, ina ganin Saratu ta cancanci a duba lamarinta da irin wannan ma'auni.

Ba ina cewa duk abin da ke cikin fim ya halatta ba. A shekarar da Daso ta fara fitowa aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano, a 2001 kuma aka kafa Hukumar Tace Finafinai, saboda kukan da malamai da iyaye suka yi a kan raye-raye da waƙe-waƙe irin na Indiya, da cuɗanyar maza da mata, da suturar da ba ta dace ba. Kukan nan yana da tushe. Maƙwabcinmu Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan ta ƙasar Warawa, wanda ba a yi mai ban dariya da ya kai shi suna ba a zamaninsa, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi wata biyu a 2008 a kan fim ɗin Ibro Aloko, alhali kuwa shi da kansa ya taɓa yin aikin gandiroba. Ya rasu ran 10 ga Disamba 2014, Allah ya jiƙansa. Watau sana'a ce da ake tafiya a kan siraɗi. Wanda ya yi izgili da addini, ko ya kwaikwayi wani sananne don ya tozarta shi, ko ya yi batsa, ya faɗa. Wanda ya nuna mummunan hali don a ƙyamace shi, sa'an nan ya nuna ƙarshen mai shi, ya yi aikin da karin maganarmu ke nufi da gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah gafarta malam, ka duba wannan. Kai kana zaure, wa'azinka yana tsayawa a bakin soro. Abin da ake yi wa maraya a bayan ɗaki, da abin da uwar miji ke raɗa wa ɗanta da dare, da kuɗin cefanen da ake karkatarwa zuwa gidan boka, ba ka ganinsu, sai in ƙara ta zo gabanka bayan aure ya mutu. Daso ta ɗauko waɗannan ta shimfiɗa su a tsakar gida, gaban mai yi da wanda ake yi wa. Da ka ɗauki misali guda daga ciki ka ɗora masa aya da hadisi, da matan da ke sauraronka ta bayan katanga sun gane nan take.

Kai kuma Alhaji, kana Kano yau, gobe kana Legas ko Maraɗi, gidanka yana hannun wanda ka bar wa. In ka ga wasan nan ka yi dariya, ka koma gida ka tambayi 'yar riƙon da ke hannunka ko ta ƙoshi, ka dubi ɗan da uwarsa ta fita ko yana zuwa makaranta. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Sa'an nan ku sani kuɗinku ne ke juya wannan sana'a. Da a Ƙofar Wambai da Bata ake sarin kaset, 'yan kasuwa su ke faɗin irin fim ɗin da za su saya. Bayan kaset ya mutu aka koma talabijin da wayar hannu, inda tallar hajarku ke biyan masu shiryawa. Abin da kuka sa wa kuɗi shi za a yi, saboda haka ku zaɓa.

An hore mu da ambaton alherin matattunmu. Baiwar Allah nan ta yarda a tsine mata a wasa shekara da shekaru don a gane mugun hali a guje shi, Allah kuma ya karɓi ranta a ranar ƙarshe ta Ramadan bayan ta yi sahur. Hisabinta yana ga Ubangijinta, kamar yadda namu yake. Allah ya gafarta mata kurakuranta, ya sa ta huta, mu kuma ya kyautata ƙarshenmu, amin. Haza wassalam.