Ƙididdigar Jinsi da Amfaninta Wajen Tsara Raya Ƙasa

Kafin gwamnati ta gina makaranta ko asibiti, wajibi ne ta san yawan waɗanda za su amfana da su. Wannan shi ne aikin ƙididdiga. To amma sanin jimillar mutane kaɗai ba ya wadatarwa, sai an san nawa ne maza, nawa ne mata, da kuma halin da kowane ɓangare yake ciki. Tattara alƙaluma ta wannan hanya shi ake kira ƙididdigar jinsi.

Alal misali, a ɗauka a wani gari akwai yara maza 100 da mata 100. Daga cikin mazan 80 suna zuwa makaranta, daga cikin matan kuwa 40 ne kawai. Idan aka haɗa su, sai rahoto ya ce kashi 60 cikin 100 na yaran garin suna karatu. Lissafin daidai ne, amma ya ɓoye cewa cikin yara 80 da ke zaune a gida, 60 mata ne. Jami'in da bai ga wannan ba zai iya ƙara azuzuwa, alhali wataƙila abin da ake buƙata shi ne malamai mata ko makewayi na 'yan mata.

Ƙidayar jama'ar Nijeriya ta 2006 ta ba da mutum miliyan 140.4, wato maza miliyan 71.3 da mata miliyan 69.1. Ƙirga kawuna irin wannan shi ne mataki na farko. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen ƙirga ayyuka. Sau da yawa mai ƙidaya kan tsaya a zaure ya tambayi maigida, "Matarka tana aiki?" Shi kuwa sai ya ce, "A'a, tana gida." Nan take a rubuta ta cikin marasa sana'a, alhali tana yin ƙuli-ƙuli, ko dakau, ko ɗinkin hula, yara suna kai mata talla. Tun a 1969 wata masaniya 'yar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta nuna irin girman cinikin da matan aure ke yi daga cikin gidajensu, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Duk sana'ar da ba ta shiga littafin gwamnati ba, da wuya a tuna da ita ranar raba rance ko tallafi.

Bayan sana'a, akwai aikin gida da ba a biyan kowa a kansa, kamar girki, ɗebo ruwa, raino da jinyar marasa lafiya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa mata ne ke yin kimanin kashi 76 cikin 100 na irin wannan aiki a duniya. Ana auna shi ta hanyar binciken amfani da lokaci, inda mutum zai faɗi abin da ya yi a jiya, daga asuba zuwa kwanciya. Idan binciken ya nuna 'yan mata na shafe awowi wajen neman ruwa, to haƙa rijiyar burtsatse ya zama wani ɓangare na tsarin ilimi.

Babban taron mata na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Beijin a 1995 ya buƙaci gwamnatoci su riƙa ware alƙaluman maza da na mata. Muradun raya ƙasa 17 da aka amince da su a 2015 sun ƙarfafa wannan kira. A Nijeriya, dokar ƙididdiga ta 2007 ta ɗora wa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa alhakin daidaita wannan aiki.

Ta yaya za a inganta shi? Na farko, a tambayi mace da kanta, ta hannun jami'ai mata, domin namiji baƙo ba ya shiga cikin gida. Na biyu, a gyara tambaya: maimakon "Kina aiki?", a ce "A makon jiya, kin yi wani abu na sayarwa?" Na uku, a ƙarfafa rajistar haihuwa da mutuwa. Binciken lafiyar al'umma na 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ke rasuwa sanadin ciki ko haihuwa a kowace haihuwa 100,000, amma wannan ƙiyasi ne na ƙasa baki ɗaya, ba ya nuna ƙaramar hukumar da ta fi buƙatar ungozoma. Na huɗu, a riƙa buga sakamako a kan lokaci, jiha-jiha, tare da ware birni da ƙauye.

Malamai za su iya gwada wannan a aji. Sai ɗalibai su ɗauki rajistar makarantarsu, su ƙirga maza da mata daga aji ɗaya zuwa aji shida, sannan su zana jadawali. Ajin da adadin wani ɓangare ya fara raguwa, a nan ne ya kamata hukumar makaranta da iyaye su fara binciken dalili.