Bandar Kifi da Raguwarsa a Gulbin Kabi: Nazari a kan Gwandu da Kalgo

Manufar wannan lacca ita ce a duba abubuwa biyu waɗanda a kan ɗauka ba abin da ya gama su, watau bandar kifi da a ke yi a cikin gida, da kuma kukan da masunta su ke yi cewa kifi ya ragu a gulbi. Na farko a kan bar shi ga mata da 'yan kasuwa, na biyu kuwa a kan ce aikin ma'aikatan gwamnati ne. Amma idan aka lura da kyau za a ga igiya ɗaya ce ta ɗaure su, domin irin kifin da a ke jerawa a kan waya a bayan ɗaki shi ne ya ke nuna halin da gulbi ya ke ciki.

An zaɓi garuruwa biyu na Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1991, don su zama misali. Gwandu garin malamai ne da sarauta, tun lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya danƙa yammacin daula a hannun ƙanensa Malam Abdullahi a 1812. Tana kusa da wani reshe na Gulbin Zamfara, amma ba da su aka san ta ba. Mutanenta masu sayen kifi ne. Kalgo kuwa tana kudu da Birnin Kebbi, kusa da fadamar Gulbin Kabi, kuma a kan hanyarta ta zuwa Bunza ne Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 ta ke da mazauninta. Ke nan gari ɗaya yana gefen masu kamawa, ɗaya yana gefen masu ci, banda kuwa ita ce gadar da ke tsakaninsu.

Yadda banda ta ke tsare kifi

Jikin ɗanyen kifi, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ruwa ne. A zafi irin na wannan ƙasa, kifin da aka kama da asuba kafin la'asar ya soma wari, sabo da ƙwayoyin cuta da ke cikin hanjinsa da majinar fatarsa suna yaɗuwa da sauri a inda a ke da ɗumi da danshi. Banda tana yi musu taron dangi ta hanya uku. Zafin wuta ya dafa tsokar ya kashe su, iska mai zafi ta janye ruwan da za su rayu a ciki, hayaƙi kuma ya bar wasu sinadarai a fatar kifin masu hana ruɓewa, waɗanda su ne ke ba shi launin ja-ja da ƙanshin da a ke so a miya. Daga cikin ukun nan bushewa ce babba. Mutane da yawa sun ɗauka hayaƙi ne ke yin aikin, don haka su ke turnuƙe kifi har ya yi baƙi ƙirin, alhali cikinsa da sauran danshi.

Ya kamata a bambanta kyafi da banda. Kyafaffen kifi shi ne wanda aka nuna wa wuta na 'yan sa'o'i, ya dahu amma da taushinsa. Wannan bai wuce kwana biyu ko uku. Banda ta sosai kan ci yini biyu ko fiye, ana juyawa, ana rage wuta, har ruwan jikin kifin ya sauko wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Irin wannan ya kan yi watanni. A nan akwai lissafin da ya kamata ɗalibi ya riƙe: kilo ɗaya na bandar da ta bushe sarai ya cinye kilo uku zuwa huɗu na ɗanye. Saboda haka kwando guda da aka ɗauko daga bakin fadama zuwa kasuwar Gwandu, a gulbi kwando uku ne ko huɗu.

Aikin kansa ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. A kan fede kifi a fid da hanji da wuri, a wanke, a shafa gishiri, a bar shi ya tsane kafin a kai shi wuta, domin jiƙaƙƙen kifi toka da baƙin hayaƙi ya ke kamawa. Tarwaɗa da ramboshi a kan lanƙwasa su a soke wutsiya a ka da tsinke, su zama kamar gammo. Karfasa da ƙurungu a kan jera su ɗungum. Murhun kuwa ko dai na laka ne mai baki ɗaya, ko tsohuwar ganga da aka yanke aka shimfiɗa mata waya. Itace mai tauri irin ƙirya da marke ya fi ba da garwashi mai daɗewa, kuma a ƙasar shinkafa irin wannan ɓuntu yana taimakawa wajen tada hayaƙi mai laushi. Abin da ya kamata a guje wa shi ne leda da roba da katako mai fenti, da kuma barin man kifi yana ɗiga a kan harshen wuta, don a nan ne a ke samun sinadaran da bincike ya danganta da cutar daji.

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ba za a wuce ta ba. Idan banda ba ta bushe ba, ƙwari da tsutsa su kan far mata, sai wasu su yayyafa mata maganin ƙwari irin Sniper. Wannan guba ce ga mai ci. Magani shi ne a mayar da kifin kan wuta marar ƙarfi lokaci lokaci, a ajiye shi a rufe a wurin da iska ke ratsawa.

Giwan ruwa

A cikin kifayen wannan gulbi babu mai martabar giwan ruwa. Shi ne kifin gasa da bajinta, wanda dubban masunta su ke faɗawa Matan Fada da homa da gora don nemansa a bikin Argungu, bikin da aka soma a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda kuma Hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Yauni da balli da tsage su ma manya ne, amma bayansa su ke bi.

Bandar giwan ruwa ta fi ta tarwaɗa wuya. Tsokarsa kauri gare ta, ga mai, don haka dole a yanyanka shi gunduwa-gunduwa, in ba haka ba waje ya ƙone ciki yana ɗanye. Yana kuma cin itace. Mutanen Tafkin Biktoriya a gabashin Afirka sun ga haka, domin bayan da aka zuba wannan kifi a tafkinsu a shekarun 1950 ya yaɗu, sai suka tarar ba ya shanyuwa a rana kamar ƙananan kifayen da suka saba da su, dole sai wuta, har dazuzzukan bakin tafkin suka ji jiki.

Sai dai babbar maganar ba ta itace ba ce. Giwan ruwa bai fara hayayyafa sai ya shekara wajen uku, kuma mafi yawan manyan da a ke alfahari da su mata ne, waɗanda kowace ɗaya ta kan zuba ƙwai miliyoyi. Idan aka kama shi yana tsawon tafin hannu, an kashe shi bai haifa ba. Idan aka kwashe manyan duka, an kashe iyaye. Wannan ya sa Kenya da Uganda da Tanzaniya suka yi doka a tafkinsu cewa kada a kama wanda bai kai santimita 50 ba, kada kuma a kama wanda ya haura 85. Kifi guda na ranar biki ba shi ne ke ƙarar da gulbi ba. Abin da ke ƙarar da shi, kamun kullum ne na ƙananan da ba mai yi musu guɗa.

Fadama ce ɗakin haihuwa

Kifin Gulbin Kabi da ambaliya ya ke rayuwa. Idan ruwa ya cika ya malala fadama cikin damina, sai kifaye su bi shi cikin ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yan su samu abinci da maɓoya. Da kaka ruwa ya soma janyewa, sai su nemi komawa gulbi, waɗanda suka makara su tsaya a tafkuna. Yawan kifin baɗi ya dogara ne ga faɗin ambaliyar bana, da kuma yawan 'ya'yan da aka bari suka koma.

Adalci ne a faɗa cewa ba masunta kaɗai ke da laifi ba. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima a 1984, kuma nazarin da aka yi a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori ya nuna ambaliya ta ragu, kamun kifi ya faɗi, wasu masunta sun bar sana'ar ko sun yi ƙaura. Sa'an nan noman shinkafa, musamman bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, ya ƙara cin fadama, injunan ban ruwa suna zuƙe tafkuna da rani, maganin ciyawa da na ƙwari suna gangarawa ruwa. Ba wanda zai ce kada a noma shinkafa. Amma ma'aikacin da ke rubuta ribar gona ya kamata ya buɗe wani shafi ya rubuta abin da masunci ya rasa.

Nasu laifin kuwa sananne ne. Ana tare bakin mashigi da jerin gura lokacin da ruwa ke janyewa, a kwashe babba da yaro. Ana jan taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauro wanda aka raba don maganin zazzaɓi. Magimfa da kakanni su ke zubawa a ɗan kududdufi ta ba da wuri ga Gamalin 20, mai kashe duk abin da ke numfashi a tafki. A dā a kan ce kifi na ganinka mai jar koma, domin koma tana ba kifi damar tsira. Gidan sauro kuwa ko kifi ya gan shi ba shi da mafita. Tafkin Kainji, wanda ya taɓo kudancin jihar ta wajen Yawuri, ya isa aya: an datse ruwan a 1968, kamu ya kai wajen tan 28,000, amma kafin 1978 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Wani ɓangare na faɗuwar ɗabi'ar sabon tafki ce, wani kuwa yawan raga ne.

A nan ne banda ta shigo. Muddin kifi ɗanye za a sayar, ruɓewa ce ke yi wa masunci iyaka, ba ya kama abin da ya fi ƙarfin kasuwar yini. Wuta ta kawar da wannan iyaka. Ɗan tsakon kifi da ba mai saye ɗanye, in an kyafe shi ya shiga kwali ya tafi Jega ko Sakkwato ko Kudu, a auna shi da kwano. Amma ita bandar kuma ita ce ke iya sauƙaƙa wa gulbi, don duk kifin da ya ƙone, ko ya farfashe, ko tsutsa ta cinye, sai an koma ruwa an kamo madadinsa. Murhun Chorkor, wanda aka fito da shi a Gana a 1969 da taimakon Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, laka ce kawai da faifan katako masu waya da a ke ɗora wani kan wani, wuta ɗaya ta yi aikin da yawa. Magini na ƙauye zai iya gina shi. Cibiyar binciken kifi da ke Sabuwar Busa ita ma ta ƙera nata murahun. Abin mamaki ne a ce tsohuwar ganga ce har yanzu ta fi yawa a gidaje.

Doka da sarauta

Ba doka aka rasa ba. Dokar Tarayya mai lamba 108 ta 1992 ta hana kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki, ta kuma hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, watau inci uku, sai wasu 'yan nau'o'in raga da ta keɓe. Abin da aka rasa mai tsaron ta ne, domin jami'i ɗaya da babur ba zai iya gadin fadama da dare ba.

Kabawa da Sarkawa kuwa sun daɗe da nasu tsarin. Sarkin Ruwa ne ke rufe ruwa, ba mai shiga sai an yi fashin ruwa an buɗe su. Matan Fada kanta ba ta tara manyan kifaye ba sai don an hana taɓa ta sauran watannin shekara. Wannan shi ne abin da masana a yau su ke kira lokacin hutun ruwa da keɓaɓɓen wuri, kuma ya yi aiki ne don mai hanin ɗan gari ne, ya san kowane jirgi da mai shi. Inda aka mayar da tafki abin haya ga wanda ya fi biya, shi mai hayar ba ruwansa da baɗi, sai ya kwashe har laka.

Saboda haka aikin da ya fi kusa da hannun ƙaramar hukuma shi ne ta mara wa sarakunan ruwa baya, ta amince da watannin da suka rufe, ta kuma duba raga a kasuwa inda a ke sayar da ita maimakon bin ta cikin ruwa. Ɗaliban jami'ar da ke Kalgo su ma suna da abin yi wanda bai bukatar kuɗi mai yawa. Ma'auni da littafi sun isa: a je wurin masu banda ranar kasuwa, a auna tsawon tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa ɗari-ɗari, a rubuta wata da wurin da aka kamo su, a maimaita kowace kaka. In an yi haka shekara biyar a jere, a Kalgo inda a ke kamawa da Gwandu inda a ke saye, hukuma za ta samu alƙaluman da za ta tsai da idon raga da watannin rufe ruwa a kansu.