Ruwa, gona da bashi: Fina-finai 6 da manomin rani zai ga kansa a ciki

Idan aka idar da sallar isha'i a Bunkure ko Kura a lokacin rani, ba wuya a tarar da matasa uku ko huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya a teburin mai shayi. Sun wuni cikin taɓo suna ban ruwa ko tsinkar tumatur, yanzu lokacin kallo ne. Abin da ke cikin wayar galibi daga shagon masu turi ya fito: fassarar Indiya-Hausa, ko wani shiri mai dogon zango na Kannywood.

A yawancin waɗannan fina-finai, mai kallo ya san inda aka dosa tun daga farko. Ga akta, ga bos. Akta zai sha wuya, bos zai gamu da ajalinsa, kowa ya tafi ya kwanta hankali kwance.

Amma akwai wani rukuni na fina-finan kaboyi na zamani da na masu aikata laifi da ba su bin wannan tsari. Jarumin cikinsu yakan zama ɓarawo, ko tsohon makashi, ko mai kwaɗayi, ɗan sandan da ke bin sa kuma ba waliyyi ba ne. Abin da zai ja hankalin mutumin wannan yanki shi ne dalilin rigimar: ruwa, gona, bashi da wurin kiwo, wato abubuwan da ake tattaunawa kullum a bakin kanal.

Tsohuwar alaƙa da kaboyi

Kaboyi ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Tun bayan buɗe sinimar Rex a 1937, da waɗanda suka biyo baya irin su Palace da Plaza da Eldorado, fina-finan masu doki da bindiga da faffaɗar hula na cikin abin da mutane suka riƙa kallo, kafin na Indiya su mamaye zukata.

Ko Sholay na 1975, wanda dattawa da dama ke iya ba da labarinsa da ka, a kan tsarin kaboyi aka gina shi. Jai da Veeru ƙananan ɓarayi ne da wani tsohon ɗan sanda ya ɗauko haya don su kamo masa Gabbar Singh, ɗan fashin da ke karɓar hatsi da ƙarfi daga mutanen ƙauye. Ke nan Bahaushe ya daɗe da sanin jarumin da ba shi da tsabtar hannu. Fina-finan da ke tafe sun ɗauki wannan ne suka zurfafa shi.

1. Hell or High Water, 2016

Wa da ƙani ne a yammacin jihar Texas ta Amurka. Mahaifiyarsu ta rasu ta bar gona a jingine a hannun banki, wa'adi ya kusa cika, ga shi an gano man fetur a ƙarƙashin gonar. Toby, wanda Chris Pine ya fito a matsayinsa, bai taɓa laifi ba, yana son ya bar wa 'ya'yansa biyu abin da zai raba su da talauci. Wansa Tanner tsohon fursuna ne mai zafin kai. Sai suka yanke shawarar yi wa rassan wannan banki fashi, su biya shi bashinsa da kuɗinsa.

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. A shekarar da fim ɗin ya fito ne tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatur a Kadawa da kewaye. Duk wanda ya ci bashin taki da iri a wannan shekara, ko ya taɓa jinginar da gonar gado, zai gane halin Toby tun kafin ya buɗe baki.

Sai dai fim ɗin bai wanke shi ba. Mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba sun rasa rayukansu a dalilin shirinsa. Jeff Bridges, a matsayin tsohon jami'in tsaro da ke dab da ritaya, shi ke tuna masa da haka a zaman da suka yi na ƙarshe, zaman da ya fi duk harbe-harben fim ɗin nauyi.

2. Chinatown, 1974

A 1974, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga wadda Gwamna Audu Bako ya assasa, aka saki wannan fim da ya ginu kacokan a kan satar ruwa. Jack Nicholson ya fito a matsayin Jake Gittes, mai bincike mai zaman kansa da ke cin abinci da bin diddigin ma'aurata masu cin amana. An ba shi aikin bin wani babban injiniyan hukumar ruwa ta birnin Los Angeles, sai ya gano ana zubar da ruwa da daddare alhali ana cikin fari.

Dabarar mai sauƙi ce. A hana manoman kwari ruwa, gonakinsu su bushe, a saye su da arha da sunayen tsofaffin da ba su san an yi ba, sannan a kawo ruwa ƙasar ta yi daraja. Labarin ya samo tushe daga rikicin gaske na kwarin Owens, inda aka ja ruwa zuwa Los Angeles ta wata doguwar magudana da aka kammala a 1913, har tafkin yankin ya ƙafe.

A tsarin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, ruwan Tiga gangarowa yake yi da kansa ta kanal, ba sai da inji ba. Saboda haka manomin da gonarsa ke ƙarshen layi ya san cewa wanda ke riƙe da ƙofar ruwa shi ke riƙe da abincinsa. Chinatown ya nuna yadda abin ke kasancewa idan wannan ƙofa ta faɗa hannun wanda ya fi ƙarfin doka. Ƙarshensa ɗaci gare shi, kuma akwai wani mummunan sirrin iyali a ciki da bai dace da kunnen yara ba.

3. Unforgiven, 1992

Clint Eastwood, wanda ya yi suna da fitowa a matsayin kaboyi maras tsoro, shi ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin William Munny. Munny tsohon makashi ne kuma mashayi, wanda matarsa ta raba shi da wannan rayuwa kafin ta rasu. Yanzu ya tsufa, kiwonsa na mutuwa, ga yara biyu, ko doki ba ya iya hawa da kyau.

A wani gari, wani kaboyi ya yayyanka fuskar wata mace mai zaman kanta. Shugaban 'yan sandan garin, wanda Gene Hackman ya fito a matsayinsa, ya yanke tarar dawaki, kuma mai gidan da matar ke zaune aka biya, ita ko oho. Sai matan suka haɗa dala 1,000 ga duk wanda zai kashe masu laifin. Talauci ya sa Munny ya karɓa.

Fim ɗin ya ci kyautar Oscar huɗu, ciki har da ta fim mafi kyau. Ƙarfinsa shi ne yadda ya cire wa kisa ado. Wanda aka harba yana kuka yana neman ruwa, matashin da ke cika baki da jarumta kuma jikinsa na rawa bayan ya kashe mutum na farko. Tambayar da yake bar wa mai kallo ita ce: idan hukuma ta yi wa hukunci riƙon sakainar kashi, me ke biyo baya, kuma wa ke biyan kuɗinsa?

4. No Country for Old Men, 2007

Llewelyn Moss mai walda ne, ya fita farauta a dajin Texas a 1980, sai ya tarar da gawarwakin dillalan ƙwaya da suka kashe juna, da jaka mai ɗauke da kusan dala miliyan biyu. Ya ɗauke. Mutum ɗaya da ya rage da rai ya roƙe shi ruwa, ba shi da shi. Cikin dare zuciyarsa ta hana shi barci, ya cika galan ya koma, kuma wannan komawa ce ta sa aka gano shi.

Kwaɗayi ne ya sa shi ɗaukar jakar, tausayi kuma ya tona masa asiri. Daga nan Anton Chigurh, makashin da Javier Bardem ya fito a matsayinsa, wanda ke jefa kwabo don yanke wa mutum rayuwa ko mutuwa, ya hau sawunsa. 'Yan uwan nan biyu, Joel da Ethan Coen, suka shirya fim ɗin daga littafin Cormac McCarthy, shi ma ya ci Oscar huɗu.

Kusan babu kiɗa a cikinsa, don haka ya fi daɗi da abin sauraro a kunne. Dattawa za su fi jin tsohon ɗan sandan da Tommy Lee Jones ya fito a matsayinsa, mutumin da ke kallon irin ta'asar zamani yana jin ta fi ƙarfin fahimtarsa.

5. Open Range, 2003

Wannan na makiyaya ne. Robert Duvall da Kevin Costner sun fito a matsayin masu kora shanu daga wuri zuwa wuri a 1882, suna kiwo a filin da babu mai shi. Wani attajirin mai garke da ya saye shugaban 'yan sandan gari ya ƙudura sai ya kore su. Costner ɗin tsohon soja ne da ya kashe mutane da yawa, yana gudun tarihinsa.

Kowane manomin rani ya san zullumin ganin garke a gefen gonar albasa. Fim ɗin yana juyar da mai kallo ya tsaya a ɗaya ɓangaren na tsawon sa'o'i biyu, ya ga yadda duniya take ga wanda ake toshe wa burtali.

6. Five Fingers for Marseilles, 2017

Kaboyi ne na Afirka ta Kudu, galibinsa da harshen Sesotho. Tau yaro ne cikin abokai biyar da ke kare garinsu daga 'yan sandan zamanin wariyar launin fata. Ya kashe biyu daga cikinsu ya gudu, ya zama ɗan fashi. Bayan shekara 20 ya dawo, ya tarar abokan gwagwarmaya sun zama masu mulkin garin, wasunsu kuma sun koma abin da suka yaƙa a da. Wanda ya ji daɗin wannan zai iya ɗorawa da King of Boys na Kemi Adetiba, 2018, inda Sola Sobowale ta fito a matsayin uwar 'yan daban siyasa a Legas.

Kafin a tura a waya

Waɗannan fina-finai na manya ne. Akwai jini, akwai ashar, a wasu kuma akwai abin da ido zai kauce wa. A gidan da waya ɗaya ke yawo daga hannun uba zuwa na yara, gara a goge bayan an gama kallo. Turancin Texas na da wuyar kamawa, don haka a nemi mai rubutu a ƙasa.

Iyaye da malamai da ke fargabar irin wannan kallo, a lokacin da daba da ƙwacen waya da fashin daji ke cin rayuka a Arewa, suna da hujja, kuma fargabar ba sabuwa ba ce. Tun a 1966 Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar ya shirya Le Retour d'un aventurier, labarin wani matashi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa hula, suka sauya suna, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu, har wasa ya koma zubar da jini.

Matasan fim ɗin Alassane hula da bindiga kawai suka kwaso daga sinima. Fina-finai shidan nan sun nuna abin da ke biyo bayan harbin: gawar da ba ta da laifi, barcin da ke ƙaurace wa ido, da gonar da aka ceto amma mai ita ba zai ƙara zama cikinta da kwanciyar hankali ba. Wanda ke da lokacin guda ɗaya tak a wannan mako, ya fara da Hell or High Water, sannan ya kai muhawarar majalisa: Toby mai laifi ne, ko wanda aka zalunta, ko duka biyun?