Tsohon man suya a tankin mota: Zai iya rage wa direbobin Kiyawa tsadar dizal?

Duk buhun hatsin da ya bar kasuwar Shuwarin da ke Ƙaramar Hukumar Kiyawa, ya nufi Dutse ko Kano, akwai kuɗin dizal a cikin farashinsa. Da shi manyan motocin ɗaukar kaya ke tafiya, da shi tarakta ke huɗa, da shi kuma injinan niƙa da yawa ke aiki. Tun da farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, masu waɗannan injina ke neman mafita.

Wata dabara da aka daɗe ana amfani da ita a Jamus da Amurka ita ce sauya motar dizal ta koma shan man girkin da aka gama suya da shi.

Abin ba sabo ba ne

A baje kolin duniya da aka yi a birnin Paris a 1900, an nuna wani injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla. Rudolf Diesel, Bajamushen da ya ƙirƙiro injin, ya yi hasashen cewa man tsirrai zai yi muhimmanci nan gaba. Arahar man da ake haƙowa daga ƙasa ce ta danne batun.

Sirrin shi ne injin dizal ba ya amfani da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafi sosai, sannan a fesa mata mai ya kama da kansa. Shi ya sa man gyaɗa ko na waken suya ke ci a cikinsa, amma ba ya ci a motar fetur.

Yadda ake sauyin

Babbar matsalar ita ce kauri. Man girki ya ninka dizal kauri wajen sau goma, don haka nozul ba ya iya fesa shi yadda ya kamata sai an ɗumama shi.

Saboda haka ake sa wa mota tanki biyu. Direba zai tayar da ita da dizal. Ruwan zafin da ke zagayawa tsakanin inji da lagireto shi ake bi da shi ta tiyo ya ɗumama tanki na biyu, har man ya kai zafin kusan digiri 70. Daga nan sai a murɗa bawul, inji ya koma shan man girki.

Kafin a kashe mota, dole a mayar da ita kan dizal na 'yan mintuna domin ya wanke bututun. In ba haka ba, man zai kwana ya daskare, musamman da sanyin hunturu, da safe mota ta ƙi tashi.

Shi ma man sai an gyara shi. A bar shi ya kwanta na kwanaki, a tace ɓurɓushin ƙosai da kifi, a kuma raba shi da ruwa. Ruwa da gishirin da suka saura a ciki su ne ke cinye famfon mai.

Ba kowace mota ba

Tsofaffin injina masu famfon mai na gargajiya, irin na Marsandi 911, sun fi jure wannan mai. Sababbin motoci masu kwamfuta kuwa nan da nan yake lalata musu injekta, kuma kuɗin gyaran zai iya cinye duk abin da aka tara. Ko a tsohon inji, man da bai ƙone sosai ba yana tara dauɗa a ringi, yana kuma gurɓata baƙin mai, don haka sai an riƙa juye da wuri.

Ina za a samu man?

A nan gizo ke saƙar. A Turai gidajen abinci na rabuwa da man da suka gama suya da shi. A Kiyawa kuwa, mai tuyar ƙosai ko awara ba ta zubar da mai. Ƙara sabo take yi a kan tsoho har ya ƙare a kasko, domin litar man gyaɗa ta fi litar dizal tsada. Sayen sabon mai a zuba wa mota asara ce tsagwaronta.

Sai dai masana lafiya sun daɗe suna gargaɗin cewa man da aka maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana da illa ga jiki. Da za a samu mai sayen irin wannan mai da daraja, da mai tuya ta samu dalilin sauya shi da wuri, masu cin abincinta su tsira, mai inji kuma ya samu sauƙi.

Najeriya ta fitar da manufar samar da makamashi daga tsirrai tun 2007, amma har yanzu dizal ne ke cika tankunan motocin da ke lodi a Shuwarin.

Abin da za a iya tarawa daga otal-otal da wuraren suyar kaji da kifi na Dutse ba zai ciyar da tirela ba. Amma zai iya riƙe injin niƙa ɗaya ko biyu a ƙauye, inda inji ke tsaye wuri guda, yana aiki na sa'o'i da zafinsa. Idan har za a gwada dabarar a Kiyawa, daga nan ya kamata a fara.